Yadda Ake Mayar da Tsofaffin Fayilolin PageMaker Zuwa InDesign Ba Tare da Rubutun Hausa Ya Lalace Ba

Littattafai da mujallu masu yawa na Hausa an tsara shafukansu ne da manhajar PageMaker, kuma har yau fayilolinsu suna kwance a tsofaffin kwamfutocin maɗaba'u, ko a faifan CD da marubuci ya adana a akwati. PageMaker ta fito a 1985 daga kamfanin Aldus na birnin Seattle a Amurka, kamfanin Adobe ya saye Aldus a 1994, sannan ya fitar da fitowarta ta ƙarshe, wato 7.0, a 2001. Tun a 1999 Adobe ya riga ya ƙaddamar da InDesign domin ta gaje ta, daga baya kuma ya daina inganta PageMaker gaba ɗaya. Matsalar da wannan ya haifar ita ce, duk wanda yake son sake buga tsohon littafi a yau, ko ya yi masa gyara, ko ya mayar da shi littafin da ake karantawa a waya, zai tarar da fayil ɗin da sabuwar manhajarsa ba ta san shi ba.

Mutane da dama suna ɗaukar cewa aikin bai wuce a buɗe fayil a sabuwar manhaja a sake adana shi ba. Buɗewar ita ce mafi sauƙin aikin. Inda nauyin yake shi ne shirin da ake yi kafin a buɗe, da kuma gyaran rubutun bayan an buɗe, musamman haruffanmu masu ƙugiya, domin tsarin shafi ana iya sake gina shi cikin yini ɗaya ko biyu, amma rubutun da ya gurɓace ba a lura ba zai shiga hannun masu karatu da kurakuransa.

Fara da tambayar ko mayarwar ta zama dole

Ba kowane tsohon fayil ne ya cancanci wannan wahala ba. Idan abin da ake so shi ne a sake buga littafin daidai yadda yake, ba tare da sauya ko harafi ɗaya ba, kuma akwai kwamfutar da PageMaker ke aiki a kanta, to hanya mafi aminci ita ce a fitar da PDF mai inganci daga can a kai wa maɗaba'a. Idan kuma takardar gajeruwa ce, kamar katin gayyata, takardar shaida ko talla mai shafi ɗaya, sake tsara ta daga farko ya fi sauri fiye da bin sawun abin da mayarwa ta karkatar.

Mayarwa tana da amfani ne a kan aiki mai tsawo wanda zai ci gaba da rayuwa: littafin makaranta da ake sabuntawa duk bayan 'yan shekaru, ƙamus, littafin addini, tarin waƙoƙi, ko mujallar da ake son ci gaba da tsarinta. A irin wannan ma sai a zaɓi ɗaya cikin hanyoyi biyu. Ko dai a mayar da fayil ɗin dungurungum da tsarinsa, ko a ciro rubutun da hotunan kawai a zuba su cikin sabon tsari mai tsafta. Ra'ayina shi ne, idan wanda ya tsara littafin tun asali ya yi amfani da salon sakin layi, wato tsarin rubutu da ake ajiyewa da suna a riƙa ɗora wa sakin layi, yadda ya kamata, hanya ta farko ta fi. Idan kuwa da hannu ya yi komai, yana danna Tab da Enter da Space domin ya tura rubutu inda yake so, to hanya ta biyu ce za ta kuɓutar da kai daga gyaran da ba ya ƙarewa.

Mataki na farko: tattara komai wuri ɗaya

Kafin ka taɓa fayil, kwafe shi. Buɗe sabuwar folda a rumbun kwamfutarka, ka zuba asalin fayilolin a ciki ka sa mata suna da ke nuna cewa ba a taɓa ta, sannan ka yi kwafi na biyu wanda a kansa za ka yi aiki. Kada ka buɗe fayil kai tsaye daga CD, filash ko wata kwamfuta ta hanyar sadarwar ofis, domin katsewar karatu na ɗan lokaci ya isa ya sa mayarwa ta tsaya a tsakiya.

Daga nan ka duba ƙarshen sunan kowane fayil, shi ne zai gaya maka fitowar da aka yi aikin da ita. Fayil mai ƙarewa da .pmd na PageMaker 7 ne, .p65 na 6.5, .pm6 na 6.0, sannan .pm5 da .pm4 na waɗanda suka gabace su. Fayilolin samfuri, waɗanda ake gina sabon aiki a kansu, suna ƙarewa da .pmt ko .t65 ko .pt6. Wannan bambanci yana da muhimmanci saboda ko tsohuwar InDesign da ke buɗe fayilolin PageMaker tana karɓar na 6.0 zuwa 7.0 ne kawai. Waɗanda suka girme su sai sun hau matakala: a buɗe su a wata fitowar PageMaker ta tsakiya da ta san su, a adana, a ci gaba da haka har su kai 6.5 ko 7. Fayilolin da aka yi a kwamfutar Macintosh sau da yawa ba su da wannan ƙarshen suna ko kaɗan, don haka sai ka tambayi wanda ya yi aikin, ko ka gwada ƙara musu ƙarshen a kan kwafi har ka dace da wanda ya buɗe.

Abubuwa uku ne za ka nema tare da fayil ɗin. Na farko hotunan asali, domin PageMaker takan ajiye ƙaramin hoto mara inganci a cikin shafi ta bar babban a waje, mahaɗi kawai ke tsakaninsu. Na biyu zubin haruffan, wato fonts, da aka yi amfani da su, waɗanda za ka same su a foldar Fonts ta tsohuwar kwamfutar. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, kwafin littafin da aka buga a takarda. Shi ne shaidarka ta yadda kowane shafi ya kamata ya kasance, kuma ba za ka iya tabbatar da ingancin aikinka ba idan babu shi a gefenka.

Mataki na biyu: gyara fayil ɗin a gidansa na asali

Idan akwai halin buɗe fayil ɗin a PageMaker, kada ka tsallake wannan mataki. An gina PageMaker 7 ne domin zamanin Windows XP, saboda haka mafi kwanciyar hankali shi ne ka samu tsohuwar kwamfuta mai XP, ko ka girka XP a cikin manhaja irin VirtualBox wadda ke ƙirƙirar kwamfuta a cikin kwamfuta. Ka sa zubin haruffan da ka tattara kafin ka buɗe fayil, don kada manhajar ta musanya su da wasu.

Da fayil ya buɗe, je ka File ka zaɓi Links Manager. Duk hoton da mahaɗinsa ya tsinke za ka ga alama a gefensa. Nuna wa manhajar inda hoton yake, ɗaya bayan ɗaya, har a gama. A nan ne kuma za ka gane abubuwan da aka shigar ta hanyar OLE, wato waɗanda aka kwafo daga Excel, Word, CorelDRAW ko Adobe Table aka manna kai tsaye. InDesign ba ta karɓar OLE, don haka duk jadawali ko zane da ya shigo ta wannan hanya zai bar gurbi babu komai bayan mayarwa. Rubuta lambar shafin kowannensu, ka buɗe shi a manhajar da ta haife shi ka fitar da shi a matsayin fayil mai zaman kansa, ko ka shirya sake gina jadawalin a InDesign.

Sai ka duba gefen shafuka, wurin da masu tsari ke jefa abin da ba su gama shawara a kansa ba. A PageMaker wannan fili ɗaya ne ga dukkan shafuka, kuma bayan mayarwa duk tarkacen da ke kansa zai taru a gefen shafukan farko. Share abin da ba a buƙata tun yanzu.

Akwai wata dabara ta binciken lafiyar fayil da tsofaffin masu aiki da PageMaker suka sani. Ka zaɓi kibiyar nuni, ka tabbatar ba ka zaɓi komai a shafi ba, ka danne Ctrl da Shift tare, sannan ka je Type ka zaɓi Hyphenation. Manhajar za ta bi fayil ɗin gaba ɗaya tana bincike. Idan ta yi ƙara sau ɗaya, lafiya lau. Sau biyu, ta samu matsala ta gyara. Sau uku, akwai abin da ta kasa gyarawa, kuma a wannan hali gara ka raba fayil ɗin babi-babi domin ka gano inda cutar take. Bayan haka ka adana da Save As, ba Save ba, domin Save tana tara tsofaffin bayanai a ɓoye har fayil ya kumbura, ita kuwa Save As tana sake rubuta shi da tsafta. A cikin akwatin Save As akwai zaɓin kwafe dukkan fayilolin da ke da mahaɗi zuwa folda ɗaya, ka zaɓe shi.

Kafin ka rufe, yi wa kanka tanadi biyu. Fitar da PDF na littafin duka, wanda zai zama madubin da za ka riƙa kwatanta sabon aiki da shi. Sannan ka sa alamar rubutu a cikin babban rubutun littafin, ka je File, Export, Text, ka fitar da shi a matsayin RTF, nau'in fayil ɗin rubutu da Word ke buɗewa. Ko da mayarwa ta ƙi gaba ɗaya, rubutun yana hannunka.

Mataki na uku: buɗewa a InDesign

A nan mutane da yawa ke cin karo da bango. InDesign CS6, wadda ta fito a 2012, ita ce ta ƙarshe da ke buɗe fayilolin PageMaker. Daga InDesign CC ta 2013 zuwa yau an cire wannan dama. Saboda haka CS6 ko wata da ta gabace ta ita ce gadar da za ka bi, kuma maɗaba'u da dama suna da ita a wata kwamfuta har yanzu.

Sa tsofaffin zubin haruffan a wannan kwamfutar ma. Lura cewa zubin haruffa na zamanin da akwai masu nau'in Type 1, waɗanda a Windows suke zuwa a fayiloli biyu, .pfb da .pfm, CS6 tana aiki da su, amma Adobe ya daina tallafa musu a sababbin manhajojinsa tun Janairun 2023, don haka dole ne a maye gurbinsu da na OpenType kafin aikin ya koma sabuwar InDesign.

Je ka File, Open, ka zaɓi fayil ɗin. Idan akwatin gargaɗi ya fito, kada ka rufe shi da gaggawa. Adana bayanin da ke ciki, domin jerin abubuwan da manhajar ta kasa ɗauka ne. Fayil zai buɗe a matsayin sabon aiki mara suna, asalin kuma ba a taɓa shi ba. Adana shi nan take a matsayin .indd.

Za ka tarar uwayen shafuka, wato shafukan da ke ɗauke da abin da ke maimaituwa a kowane shafi, sun zo, da lambobin shafi, da layukan jagora, da salon sakin layi, da launuka. Za ka ga kuma manhajar ta ƙirƙiri hawa biyu, wato layers, Default da Master Default, na biyun yana ɗauke da abubuwan uwar shafi domin su zauna a ƙarƙashin rubutu kamar yadda suke a da. Jerin babi-babi da PageMaker ke haɗa littafi da shi ba ya ƙetarowa, don haka idan kowane babi fayil ne daban, sai ka mayar da su ɗaya bayan ɗaya sannan ka haɗa su da File, New, Book.

Mataki na huɗu: haruffa masu ƙugiya

Wannan shi ne zuciyar aikin ga duk rubutun Hausa, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. PageMaker ba ta san tsarin Unicode ba, wato tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa. A zamaninta, hanyar samun ƙ, ɗ da ɓ ita ce a yi amfani da zubin haruffa na musamman waɗanda aka zana haruffan Hausa a gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba. Sanannu a cikinsu su ne Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa ɗab'in Hausa hidima mai girma a lokacin da babu wata mafita. Sai dai abin da ke kan allo daban, abin da ke cikin fayil daban. Ido yana ganin ƙ, amma kwamfuta tana ajiye alamar }. Muddin zubin yana nan, komai daidai; da zarar an sauya shi, sai ka ga «}asa» a madadin «ƙasa», da «ha]a» a madadin «haɗa».

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya sa tsohon zubin a sabuwar kwamfuta, ya ga shafi ya yi kyau, ya ce an gama. Littafin zai bugu a takarda, amma ba za a iya neman kalma a cikin PDF ɗinsa ba, ba za a iya kwafe sakin layi zuwa intanet ba, ba zai zama littafin waya ba, kuma jerin kalmomi bisa tsarin abacada zai rikice. Tunda an riga an ɗauki wahalar mayarwa, a kammala ta.

Fara da gina jadawalin musanya. A fayilolin da aka fi cin karo da su, } tana tsaye a madadin ƙ, { a madadin Ƙ, ] a madadin ɗ, [ a madadin Ɗ, ~ a madadin ɓ, sannan | a madadin Ɓ. Zubin haruffa sun bambanta, saboda haka ka tabbatar da naka: kwafi sakin layi ɗaya, ka sauya shi zuwa Arial, ka ajiye shi kusa da littafin takarda, ka rubuta alamar da ta fito a gurbin kowane harafi. Ka nemi manya da ƙanana duka. Idan littafin na Nijar ne, ka nemi ƴ da Ƴ, waɗanda a Nijeriya ake rubutawa 'y.

Tsarin da za ka bi yana da muhimmanci: musanya alamomin tukuna, sauya zubin daga baya. Dalili shi ne, tsohon zubin shi ne alamar da ke raba } ta Hausa da } ta gaskiya. A littafin da ke da Ingilishi, lissafi ko jerin manazarta, akwai baka-biyu na ainihi da bai kamata a taɓa ba, kuma galibi suna cikin wani zubin daban. Buɗe Edit, Find/Change, ka tsaya a shafin Text, domin a shafin GREP waɗannan alamomi suna da ma'anoni na musamman da za su rikita nema. A gurbin nema rubuta }, a gurbin musanya rubuta ƙ, ko lambarsa ta Unicode a haka: <0199>. A Find Format ka zaɓi tsohon zubin, domin neman ya tsaya a kansa kaɗai. Kunna Case Sensitive, sannan ka kunna maɓallan da ke sa nema ya shiga uwayen shafuka, bayanan ƙasan shafi da hawan da aka ɓoye, in ba haka ba sunan littafin da ke saman kowane shafi zai tsira da kuskurensa. Gwada sau biyar ko shida da hannu kafin ka danna Change All. Lambobin sauran su ne 0198 ga Ƙ, 0257 ga ɗ, 018A ga Ɗ, 0253 ga ɓ, 0181 ga Ɓ, 01B4 ga ƴ, da 01B3 ga Ƴ.

Bayan musanya za ka ga akwatuna ko gurabe masu launin hoda a inda haruffan suke. Kada hankalinka ya tashi, tsohon zubin ne ba shi da sababbin haruffan. Yanzu sai ka je Type, Find Font, ka maye gurbinsa da zubin da ke da su, ka sa alama a zaɓin da ke sake fasalta salon sakin layi, domin gyaran ya shiga cikin salon kansa. Charis SIL, Doulos SIL, Gentium da Andika na ƙungiyar SIL kyauta ne kuma an gina su da harsunan Afirka a zuciya. Noto Serif da Noto Sans na Google ma suna da haruffan. Ka tabbatar zubin da ka zaɓa yana da mai kauri da mai karkata na gaskiya, domin PageMaker takan ƙirƙiri kauri da karkata na jabu ga zubin da ba shi da su, InDesign kuwa ba ta yin haka, sai ta ce zubin ya ɓace. Doulos SIL, misali, fuska ɗaya kawai take da ita, don haka ba ta dace da littafin da ke yawan amfani da rubutu mai karkata ba.

Wanda ke da littattafai da yawa masu irin wannan matsala zai amfana da FindChangeByList, ƙaramin shiri da ke zuwa tare da InDesign a ƙarƙashin Scripts. Ana rubuta musanyar duka a fayil ɗin rubutu guda, sai ya aiwatar da su a jere a kan kowane littafi.

Akwai abin da na'ura ba za ta iya ba. Wasu masu buga rubutu sun yi watsi da ƙugiya a wasu wurare, ko sun manta da ita a kanun labarai masu manyan haruffa. Babu umarnin da zai raba «baki» da «baƙi» idan tun asali an rubuta su iri ɗaya. Wannan aikin mai karatu ne wanda ya san harshen. Haka nan a duba alamar hamza a kalmomi irin su «jama'a» da «'ya'ya», domin manhaja takan juya ta farkon kalma ta fuskanci baya.

Idan littafin yana ɗauke da ayoyi ko hadisai da Larabci, ka ɗauke su a matsayin aiki na daban. Wasu an shigar da su a matsayin hoto, waɗannan za su ƙetare lafiya idan mahaɗinsu yana nan. Waɗanda aka buga da PageMaker ta Gabas ta Tsakiya suna buƙatar InDesign mai tallafin Larabci, tare da zaɓin World-Ready Composer. Ko da sun fito da kyau a ido, a ba malami ya bi su harafi bayan harafi da wasullansu, yana kwatantawa da ingantaccen bugu.

Mataki na biyar: zubewar rubutu, hotuna da launi

Rubutu zai motsa, babu makawa. InDesign tana auna sakin layi gaba ɗaya kafin ta yanke inda kowane layi zai ƙare, PageMaker kuwa layi-layi take bi. Idan kana son karyewar layuka ta yi kusa da ta asali, buɗe salon sakin layi ka sauya zuwa Adobe Single-line Composer. Haka kuma PageMaker tana da hanyoyi uku na auna tazarar layi, InDesign ɗaya take da ita, don haka layin farko na akwatin rubutu yana iya hawa ko sauka kaɗan. Ƙara da cewa sabon zubin haruffa faɗinsa ba ɗaya ba ne da tsohon, sai ka ga babi mai shafi 20 ya koma 21. Wannan ba laifi ba ne a sabon bugu, amma dole a sake fitar da jerin abubuwan da ke ciki da fihirisa, a kuma duba duk inda marubuci ya ce «duba shafi kaza».

Kashe raba kalma ta atomatik a dukkan salon. Tsofaffin fayiloli sukan zo da alamar harshen Ingilishi a kan rubutun, manhajar kuwa za ta riƙa tsinka kalmomin Hausa bisa ƙa'idar Ingilishi, ta raba «ts» ko «sh» gida biyu. Sa harshen a No Language, wanda zai kuma kawar da jajayen layukan binciken kuskure.

Buɗe Preflight daga Window, Output. Zai lissafa maka akwatunan da rubutu ya yi musu yawa har wani ya ɓuya, waɗanda ake gane su da ƙaramar alamar tarawa ja a kusurwar ƙasa. Wannan shi ne haɗari mafi muni bayan haruffa masu ƙugiya, domin layi biyu na ƙarshen babi suna iya ɓacewa ba wanda ya sani. Duba kuma zagayen rubutu a jikin hotuna, da rubutun da aka yi wa inuwa a PageMaker, wanda ke zuwa babu inuwar.

A ɓangaren Links ka bi hotuna ɗaya bayan ɗaya ka duba ingancinsu a girman da aka sa su. Abin da maɗaba'a ke so shi ne ɗigo 300 a inci. Hoton da aka binne a cikin fayil ana iya ciro shi da Unembed Link. Tsofaffin zane-zane na WMF gara a sake fitar da su a matsayin PDF. A Swatches kuma ka share launukan da ba a amfani da su, ka mayar da na RGB, wato launukan allo, zuwa CMYK, launuka huɗu na maɗaba'a, sannan ka buɗe Separations Preview ka tabbatar baƙin rubutu yana kan farantin baƙi kaɗai. Littafin da ya kamata a buga da launi ɗaya idan ya fita da faranti huɗu, kuɗin bugu ne zai ninka.

Idan babu CS6, ko fayil ɗin ba na PageMaker ba ne

LibreOffice Draw, wadda kyauta ce, tana buɗe fayilolin PageMaker 6 da 7, haka ma Scribus daga fitowar 1.5. Tsarin da suke fitarwa bai kai na CS6 daidaito ba, kuma rubutu mai bin shafuka yakan tsinke akwati-akwati, amma sun isa a ceto rubutu a ga fasalin shafi. Duk abin da aka faɗa game da haruffa masu ƙugiya yana nan daram a wannan hanya.

Fayilolin QuarkXPress 3.3 da 4.1 InDesign tana buɗe su kai tsaye. Waɗanda suka biyo baya sai an sauko da su zuwa fitowa ta 4, ko a yi amfani da manhajar kamfanin Markzware da aka yi domin wannan aiki. Littafin da aka tsara a CorelDRAW ba shi da ƙofar kai tsaye zuwa InDesign: a fitar da rubutu a matsayin RTF, zane-zane a matsayin PDF, a sake gina shafukan, idan kuma an riga an mayar da rubutun zane, to sai an sake buga shi. Masu fayilolin Microsoft Publisher su sani cewa kamfanin ya sanya Oktoban 2026 a matsayin ƙarshen tallafa mata. LibreOffice Draw da Scribus suna buɗe fayilolinta, amma fitar da PDF da RTF daga Publisher kanta tun tana aiki ya fi komai tabbas.

Mataki na ƙarshe: karantawa da adanawa

Buga sabon littafin a takarda, ka zaunar da mutum biyu, ɗaya yana karanta tsohon bugu a bayyane, ɗaya yana bin sabon da biro. Kafin nan ka sake neman kowace alama ta jadawalinka, wato }, {, ], [, ~ da |, ba tare da taƙaita nema ga wani zubi ba, domin ka kama waɗanda suka ɓuya.

Da an gama gyara, yi Package daga File, wanda zai tara fayil ɗin da hotunansa da zubin haruffansa a folda ɗaya. A cikin foldar ka ƙara kwafin IDML, nau'in fayil na musayar aiki wanda Adobe ya shigo da shi tun InDesign CS4, kuma kowace InDesign daga nan zuwa yau tana buɗe shi, haka ma Affinity Publisher da Scribus. Ka ƙara PDF/X na maɗaba'a, da rubutun zalla a tsarin UTF-8, da asalin fayil ɗin PageMaker, da ƙaramar takarda mai bayyana jadawalin musanyar da ka yi amfani da shi da sunan tsohon zubi da sabo. Ajiye foldar a wurare biyu daban, ka ba marubucin ko magadansa kwafi ɗaya.